'Yan sa-kai na lafiya: abin da ya kamata a koya musu

A shekarar 2021 ana zaton kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Bauchi da Kano da Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Abin takaicin, ciwo ne mai sauƙin magani. Ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa, wani lokaci cikin sa'o'i kaɗan, sai kuma jinkirin nan namu: a yi ta jiƙe-jiƙe, ana "bari mu gani zuwa safiya".

Wanda zai katse wannan jinkiri dole ya zama na cikin unguwa. Mun gani a yaƙi da shan inna. Matan da ke bi gida-gida, suna shiga inda aka rubuta "ba shiga", su ne suka yi ta lallashin iyaye har aka tabbatar da kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka a Agustan 2020. Shirin kula da lafiyar al'umma na CHIPS da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ma da irin waɗannan mutane ya dogara.

To amma horo ba taron yini ɗaya ba ne da za a raba riga da kuɗin mota a watse. A sa 'yar sa-kai ta haɗa ruwan gishiri da sukari da hannunta: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. A shafe, ba a tula ba, domin gishirin in ya yi yawa illa ne ga yaro. Ta san idon da ya zurma, da maɗigar jariri da ta faɗa, da fatar da in aka mintsina ba ta komawa da wuri, da zawo mai kama da ruwan wankin shinkafa. Ta san kumburin wuya da zazzaɓi na iya zama mashaƙo, wanda ya addabi Kano a 2023 saboda yaran da ba su samu rigakafi ba. Sannan ta san wa za ta kira: asibitin mazaɓa, ko jami'in sa ido na ƙaramar hukuma, ko lambar kyauta ta hukumar daƙile yaɗuwar cututtuka ta ƙasa, NCDC, 6232.

Ga kashedi kuma. Ɗan sa-kai ba likita ba ne. Duk wanda ya zo gidanku da sirinji, ko ya ce zai ɗaura wa mara lafiya ƙarin ruwa a ɗaki, ku sallame shi, ku sanar da asibiti. Masu unguwanni da limamai su tsaya a zaɓo wadda mata ke sake wa ciki, mai riƙe sirri, ko da ba ta da kowa a sama. Gidan da ke tsoron a yi ta yamaɗiɗi da shi zai ɓoye mai zawo a ƙurya, alhali rijiyarsu ɗaya da maƙwabta.