Mai Gilashin Mota da Kwastoman da Ba Ya Jin Kunya

Idan aka ɗauko zancen ha'inci a kasuwanninmu, kusan kullum mai sana'a ake tuhuma: bakanike ya sauya batir, tela ya rage yadi, mai awo ya tauye mudu. Hukumomin kare haƙƙin masu saye, ta tarayya da ta Jihar Kano, an kafa su ne bisa fahimtar cewa mai saye shi ne mai rauni. Ban musanta haka ba. Sai dai akwai ɗaya ɓangaren da ba a cika waiwaya ba, wato cutar da abokin ciniki yake yi wa mai sana'a. Na zaɓi in duba wannan ta wata ƙaramar sana'a da na daɗe ina hulɗa da masu ita a Fagge da Sabon Gari: gyara da saka gilashin gaba na mota.

Sai an san yadda gilashin yake kafin a gane inda cutar take shiga. Gilashin gaba ba irin na ƙofa ba ne. Na ƙofa idan ya fashe yakan tarwatse kamar tsakuwa. Na gaba kuwa falle biyu ne aka manne da siririyar roba a tsakani, fasahar da Bafaranshe Édouard Bénédictus ya yi wa rajista a 1909. Shi ya sa idan dutse ya same shi yake tsagewa ba tare da ya zube ba. Ƙaramin tabo ana iya ɗura masa wani ruwan gam a tsayar da shi. Amma tsaga tana tafiya: sanyin hunturu da asuba, zafin rana a watan Afrilu, na'urar sanyaya mota da ramukan hanya duk suna ƙara mata tsawo. Sabon gilashi kuma, gam ɗin da ke riƙe shi yana buƙatar lokaci kafin ya kama. Saboda haka idan aiki ya lalace bayan kwana biyu, da wuya a tabbatar da mai laifi. A wannan duhun ne maha'inci yake fakewa.

Daga hirarrakin da na yi da masu wannan aiki, salon cutar bai wuce huɗu ba. Na farko shi ne alat na bogi. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ciniki ya koma taransifa. Mutum zai nuna hoton rasit a wayarsa, ya ce matsalar sabis ce, ya tada mota. Mai gilashi ya jira har magariba, kuɗi shiru. Na biyu shi ne ɗora tsohuwar ɓarna a kan sabon hannu: a kawo mota da tsaga a ƙarƙashin roba ko a gefen da ƙura ta rufe, a ce a ɗan gyara tabo, da an taɓa ta buɗe sai a tada jijiyar wuya a nemi sabon gilashi kyauta. Na uku shi ne ciko da ba ya cika: a biya rabi, a ce gobe yaro zai kawo saura, daga nan lamba ta daina shiga. Na huɗu ya fi ban takaici, domin yana jawo mai sana'ar cikin laifin: direban ofis ko na wani maigida ya zaɓi gilashi mai araha, sannan ya nemi a rubuta masa rasit na mai tsada. Idan aka ƙi, ya tafi shagon gaba. Idan aka yarda, ranar da maigidan ya gane, sunan shagon ne a kan takardar.

Wani dattijo a sana'ar ya faɗa mini cewa ba talaka ne ya fi cutarsu ba. Mai Adaidaita Sahu ko direban haya yakan biya, domin gobe ma zai dawo. Wanda suke tsoro shi ne mai babbar riga da zai ce wa yaron shago, “Kai, ka san ko ni wane ne?” ya kuma yi barazanar kiran 'yan sanda. Yaro ya ce, “Ranka ya daɗe, a yi haƙuri,” a buɗe masa hanya.

Mai karatu zai iya cewa wannan ƙaramin abu ne. Ba ƙarami ba ne ga wanda jarinsa gilashi goma ne a jingine da bango. Kusan duk gilashin daga waje ake shigo da shi, sabo ko na hannu. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A farkon 2024 ta haura 1,500. Galibin masu sakawa ba su ne masu kayan ba. Suna karɓa ne bashi daga dila a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, su biya da yamma. Gilashi ɗaya da aka gudu da kuɗinsa yana iya cinye ribar mako guda, ya kuma ɓata tsakanin mai sakawa da dilansa. Inshora ma ba ta ceto: yawancin motocinmu masu inshora suna da ta dole ce kawai, wadda aka ɗaga kuɗinta daga naira 5,000 zuwa 15,000 a Janairun 2023, kuma ita ɓarnar da ka yi wa wani take biya, ba gilashinka ba. Don haka kowace gardama tana ƙarewa ne tsakanin aljihu biyu.

Asarar ba ta tsayawa a shago. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya nuna a 1970 cewa idan ɓangare ɗaya ba ya iya tantance gaskiyar ɗayan, na kirki ne suke biyan kuɗin mugaye, har kasuwar ta lalace. Shi a kan masu sayar da tsofaffin motoci ya yi magana, amma ƙa'idar tana aiki idan aka juya ta. Mai gilashin da aka cuta sau uku zai daina ba da bashi, zai ƙara wani abu a farashi don kare kansa, zai kuma ƙi karɓar gyaran ƙaramin tabo don gudun sharri, ya ce sai dai a sauya gaba ɗaya. Ni da kai da muke biya cikin mutunci mu ne za mu ɗauki nauyin. Wanda ya kasa kuma zai ci gaba da yawo da tsagaggen gilashi, abin da yake laifi ne a wurin jami'an kiyaye haɗura, haɗari kuma ga iyalinsa. Wake ɗaya ke ɓata gari.

Abin lura shi ne Fagge ta ginu ne a kan amana. Zango ne na fatake a wajen ganuwa, inda baƙo yake ajiye dukiyarsa a hannun fatoma da dillali. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna yadda ake sayar da shanu bashi ba tare da takarda ba, saboda kowa yana da maigidan da zai tsaya masa, wanda ya ci amana kuma kasuwa ta rufe masa ƙofa. Wannan tsari ya yi aiki ne domin an san juna. Yau mai mota yana iya fitowa daga ko'ina cikin birnin miliyoyin mutane, ba wanda ya san ƙofar gidansu. Tsohuwar kariyar ta tafi, ba mu gina sabuwa ba.

Fiƙihun Malikiyya da ake karantarwa a zaurukan Kano ya ɗora wa mai sana'a lamunin kayan da aka bar masa idan suka lalace a hannunsa, don kare dukiyar jama'a. Wannan adalci ne. Amma shari'ar da ta ɗora masa wannan nauyi ita ce ta wajabta a biya shi ladansa, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take. Mu kuwa muna ganin neman rubutu kamar zargi ne.

Ga abin da nake ganin ya kamata. Kafin a taɓa mota, a zagaya ta tare da mai ita, a ɗauki hoton gilashin da lambar motar, a tura masa ta WhatsApp nan take. A rubuta irin gilashin da aka zaɓa, farashinsa, da sa'o'in da za a jira kafin a hau hanya, kowa ya sa hannu. Kada a miƙa makulli sai mai shago ya ga kuɗi a asusunsa da idonsa, ba a wayar kwastoma ba, kuma a rubuta wannan ƙa'ida a allo domin kada kowa ya ɗauka da shi ake. A daina rubuta rasit na ƙarya, kuma wannan ba zai yiwu ba sai ƙungiyar masu sana'ar ta haɗa kai, yadda wanda aka hana a nan ba zai samu a can ba. Idan an yi cutar, akwai sulhu ta shugabannin kasuwa, akwai kotunan ƙananan ƙararraki da Kano take da su, kuma alat na bogi zamba ce da doka ta tanadar wa hukunci. Hoto da takarda su ne za su mayar da kuka ya zama hujja.

Su ma masu gilashi sai su gyara nasu. Wanda yake saka na araha ya kira shi na asali, ko ya rage gam don ya tsira da canji, ba shi da bakin ƙorafi. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Sauran magana tamu ce, mu masu motoci, musamman masu ilimi da muƙami da muka iya dogon Turanci a kan cin hanci a Abuja. Yaron da ya yini a rana yana kankare tsohon gam da wuƙa, yatsunsa duk yanka, yana da haƙƙi a kanmu. A biya shi cikakke, a kuma biya shi kafin a tada mota.