Abin da ke sa bokitin roba saurin tsagewa

Duk ɗan kasuwar da ke sayar da bokitai da butoci ya san akwai robar da ke shekaru, akwai wadda ke tsagewa tun ba a ci kuɗinta ba. Sau da yawa laifin yana wajen haɗi.

Roba iri-iri ce. Biyu daga cikinsu, poliyetilen da polipropilen, su ne kusan rabin robar da ake sarrafawa a duniya. Ta farko na ɗauke da lamba 2 ko 4 a gindin kaya, ta biyu lamba 5. A ido kama suke, amma in aka narkar da su tare ba sa gaurayuwa, tamkar ruwa da mai. Ɗaya takan zauna ɗigo-ɗigo cikin ɗayar, kuma iyakar da ke tsakaninsu ba ta da ƙarfi. Daga nan tsaga ke farawa in kaya ya faɗi.

Maganin da masana suka samo shi ne wani sinadari mai shiga tsakani, wanda ake kira kompatibilizan da Faransanci. Ƙwayarsa doguwa ce kamar zare: wani sashe na kama da roba ta farko, wani na kama da ta biyu. Sai ya zauna bisa iyaka, ya riƙe kowane ɓangare. Aikinsa uku ne. Yana ƙanƙanta ɗigon, ta yadda haɗin zai zama bai ɗaya. Yana hana ɗigon sake dunƙulewa lokacin da aka mayar da robar wuta. Yana kuma ɗaure ɓangarorin biyu, har nauyi ya ratsa daga wannan zuwa wancan ba tare da rabuwa ba.

A shekarar 2017, ƙungiyar Geoffrey Coates ta jami'ar Cornell da ta Frank Bates ta jami'ar Minnesota, a Amurka, sun nuna cewa kashi 1 cikin 100 na irin wannan sinadari ya isa ya mai da haɗi mai gautsi ya zama mai jurewa ja.

Sai dai sinadarin na da tsada, kuma wanda ya dace da wannan haɗi ba lalle ya dace da wani ba. Ba ya kuma wanke datti ko gyara robar da rana ta riga ta ƙona. Saboda haka tantance tsofaffin robobi kafin narkarwa na nan da muhimmancinsa. Mai sarin kaya da ma'aikacin da ke sa hannu kan odar hukuma, ya kamata su tambayi masana'anta irin robar da aka haɗa, da abin da aka ɗaure ta da shi, kafin su yi maganar farashi.