Mai Bugun Matarsa Ya Sake: Me Doka Ta Ce?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a makarantarmu ta yaƙi da jahilci akwai wata mata mai ƙoƙari. Bara sau 3 tana zuwa aji da kumburarren ido. Duk lokacin sai a kai maganar gun mai gari, a ba ta haƙuri, mijin ya yi rantsuwa, ta koma ɗaki. Wata bai cika ba ya sake.

Dokar hukunta laifuka ta Nijar, wadda aka kafa a 1961 aka gyara a 2003, ba ta ware miji ba. Wanda ya bugi mutum da gangan, ko matarsa ce, ana iya ɗaure shi har shekara 2, ko a ci shi tara daga jika 10 zuwa jika 100. In da makami ne, ko ido ya lalace, hukuncin ya fi haka. Wanda kuma aka taɓa hukuntawa ya sake, nasa ya fi na farko nauyi.

To, ga inda gizo ke saƙa. Alƙali da takarda yake aiki. Sulhun zaure ba ya shiga littafin kotu. Mutumin da ya yi bugu sau 10 aka sasanta, ran da ya zo gaban alƙali, sabon shiga ne. Ni ban raina sulhu ba, yana gyara aure da yawa. Amma in an yi na fari an yi na biyu bai ji ba, na uku rufa wa mugu asiri ne.

Kar a ce talaka ba ya cin shari'a. Hadijatu Mani, a nan ƙasar Ƙwanni, an sayar da ita tana shekara 12, ta yi shekaru tana shan bugu a matsayin wahaya. A 2008 kotun CEDEAO ta sa gwamnati ta biya ta miliyan 10 na sefa.

Saboda haka, mace in an ji mata rauni, a kai ta likita ran nan, tun ciwon bai warke ba, a karɓi takardar shaida. Daga nan sai gun jandarma, ko a Ƙwanni, ko Malbaza, ko Illela. Takardar a ba uwa ko wa ya ajiye, kar a bar ta ɗakin mijin.