Kabarin da Turawa ke kira Maƙerar Wayland

A karkarar Oxfordshire da ke kudancin Ingila akwai wani dogon tudu na ƙasa da manyan duwatsu, wanda mutanen yankin ke kira Wayland's Smithy, watau Maƙerar Wayland. Sai dai ba a taɓa yin ƙira a wurin ba, domin kabari ne.

Masana kayayyakin tarihi da suka tona wurin a shekarun 1962 da 1963 sun gano cewa sau biyu aka gina shi. A ginin farko an binne mutane 14, kimanin shekaru 5,500 da suka gabata. Daga baya aka ɗora babban tudun a kansa, mai tsawon kusan mita 55.

Mutanen wancan zamani manoma ne da makiyaya, kuma da dutse da itace da ƙashi suke yin kayan aikinsu. Sai bayan fiye da shekaru 2,500 ƙira da baƙin ƙarfe ta isa ƙasar.

To daga ina maƙerin ya fito?

Wayland gwanin maƙeri ne a tatsuniyoyin ƙabilun Anglo-Saxon, waɗanda suka ƙaura zuwa Ingila daga arewacin Jamus da Denmark tun daga ƙarni na 5. Sun tarar da tudun babu wanda ya san mai shi, suka danganta shi da gwarzon da suka sani. Sunan ya bayyana a wata takardar mallakar ƙasa ta shekarar 955, zamanin Sarki Eadred.

A shekarar 1738 wani masani, Francis Wise, ya rubuta camfin mazauna yankin: in takalmin ƙarfen dokin matafiyi ya cire, sai ya ɗaure dokin a wurin, ya ajiye kuɗi, ya ba da baya. In ya dawo zai tarar an sa wa dokin sabo, kuɗin kuma babu su, ba tare da ya ga kowa ba.

Irin wannan laƙabi ya yawaita a Turai. A Jamus ana kiran irin waɗannan kusheyi Hünengrab, kabarin ƙatti, saboda an ɗauka ɗan Adam ba zai iya ciccibar duwatsun ba. Wani tudun kuma a Gloucestershire, Hetty Pegler's Tump, sunan matar mai filin a ƙarni na 17 kawai ya ci.

Ke nan sunayen ba sa faɗin komai game da waɗanda aka binne, labarin waɗanda suka zo daga baya suke bayarwa. Wannan ma ba ƙaramar shaida ba ce, ganin cewa talakawan karkara ba su cika barin rubutu ba.

Mamatan farko kuwa ƙasusuwansu ne kaɗai suka rage. An samu kawunan kibiya na dutse tare da su, abin da ya sa masana ke ganin wasunsu harbe su aka yi.