Daga Paris zuwa Filinge: jirgi ba ya riskar jana'iza

Tsakanin filin jirgin Charles de Gaulle na Paris da filin Diori Hamani na Yamai, tazarar ba ta cika kilomita 4,000 ba. A da, kimanin awa biyar da rabi ce a jirgin Air France. Bakurfe, ɗan ƙasar Kurfai inda Filinge take, ya yi kalaci a Faransa, ya yi isha'i a Yamai, washegari ya kama hanyar Baleyara, kilomita wajen 180, sai ga shi a Filinge kafin azahar.

Wannan lissafi ya rushe bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Air France ya dakatar da zuwa Yamai cikin watan Agusta, a Satumba kuma hukumomin soja suka hana jiragen Faransa ratsa sararin Nijar. Yanzu sai zagaye: ko ta Kasablanka a Royal Air Maroc, ko ta Istanbul a Turkish Airlines. Wanda ya bi ta Istanbul ya ci fiye da kilomita 6,000, ban da zaman jiran canjin jirgi, ana gyangyaɗi bisa kujerar ƙarfe, jaka a cinya. Kurfayawan da ke New York da Greensboro a Amurka kuwa, da ma ba su da jirgi kai tsaye.

Ba a gane nauyin wannan sai ranar da aka yi rasuwa. A ƙasar Kurfai, kamar ko'ina cikin Musulmi, gawa ba ta jiran kowa. Tsoho ya cika da asuba, kafin rana ta take an yi masa sutura, an kai shi makwanci. Lokacin da ake sallar gawa da hantsi a Filinge, ɗansa na New York yana barci, don agogonsa yana baya da awa biyar ko shida. Yana farkawa sai ya tarar da saƙon murya a WhatsApp: sai haƙuri, an riga an kai shi. Shi ya sa mutanenmu na waje ba sa ma tambayar ko za su riski jana'iza. Addu'ar bakwai suke auna wa, wasu arba'in. Kafin nan sun aika kuɗin goro da hatsin sadaka.

Ko an sauka Yamai ma da sauran aiki. Tun 2017 ake dokar ta-ɓaci a sassan jihar Tillaberi, kuma mai hankali ba ya shiga wannan hanya da dare. Jirgin da ya sauka tsakar dare ya ƙara maka kwana ɗaya a gidan dangi.

Amma mu faɗi gaskiya, akasarin Kurfayawan da suka tafi biɗa ba jirgi suke hawa ba. Suna Kwatano, Lome, Kumasi da Abijan, motar safa ce tasu. Su ma masu bi ta gadar Gaya da Malanbil, tun da aka rufe ta a 2023, sai an sauke kaya an tsallaka kogin Kwara a kwale-kwale, sannan a nemi wata mota a ɗaya gaɓar.