Yadda ake horar da doki daga ƙasa don kada ya gundura

Masana halayyar dabbobi sun ce dokin da ke wuni ɗaure a turke ko kulle a barga ba tare da abin yi ba yakan gundura, kuma gundurar kan rikiɗe ta zama munanan ɗabi'u da ke cutar da shi da mai hawansa.

Wannan ne ya sa masu horar da dawaki a Amurka da Turai suka mayar da hankali kan wasu wasanni da ake yi da doki mutum yana tsaye a ƙasa, riƙe da igiya, babu sirdi babu linzami.

Manufar ita ce a ba dokin aikin da zai yi tunani a kai, sannan ya saba da sauraren mai shi tun kafin a hau bayansa.

Me ke sa doki gundura?

Doki dabba ce da aka halitta da yawo da zama cikin garke. Idan aka sake shi a makiyaya, yakan shafe kimanin sa'o'i 16 a kowace rana yana kiwo, yana tafiya a hankali.

Tumbinsa ƙarami ne, kuma yana fitar da sinadarin narka abinci dare da rana, ko da ci ko babu. Don haka doguwar yunwa tsakanin ciyarwa kan jawo masa gyambon ciki.

Idan aka raba shi da kiwo da 'yan'uwansa, alamu sukan fara bayyana. Wani ya riƙa gwaguyar katako yana haɗiyar iska, wani ya riƙa rangaji hagu da dama, wani kuma ya yi ta zagaye ko tonon ƙasa da kofato.

Likitocin dabbobi sun ce da zarar irin waɗannan ɗabi'u sun kama doki, raba shi da su yana da wuyar gaske.

Matsi da sassauci

Ginshiƙin wannan horo shi ne matsi da sassauci. Mai horarwa zai ɗan matsa wa dokin, misali da yatsa a ƙirjinsa, da zarar ya ja da baya ko da taku ɗaya ne, sai ya ɗauke hannunsa nan take.

Sassaucin ne ke nuna wa dokin cewa ya yi daidai. Idan aka yi jinkirin sakin, ba zai gane abin da ake so ba.

Tunanin ba sabo ba ne. Fiye da shekaru 2,300 da suka wuce, wani sojan Girka mai suna Xenophon ya yi rubutu kan hawan doki, inda ya gargaɗi mahaya da kada su tunkari doki cikin fushi.

A zamanin nan, Ba'amurke Monty Roberts ya yi suna bayan da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta Ingila ta gayyace shi fadar Windsor a 1989 don ya nuna salon horonsa. Wani Ba'amurken, Pat Parelli, shi kuma ya tsara darussansa na farko cikin wasanni bakwai.

Irin wasannin da ake yi

Na farko shi ne sabo da taɓi. Ana shafa jikin dokin da hannu, sannan da igiya, daga baya da leda ko tsumma, har sai ya daina zabura.

Akwai kuma kira da kora. Mutum zai tsaya gaban doki ya girgiza igiya mai tsawon kimanin mita 4 har dokin ya ja da baya, sannan ya sassauta jikinsa ya kira shi ya dawo.

Sauran sun haɗa da zagaye a kan doguwar igiya tare da sauya sauri da ɓangare, da tafiya a kaikaice a gefen katanga, da ratsa matsattsen wuri tsakanin ganguna biyu.

Wasu kan jera sanduna a ƙasa don dokin ya tsallake ɗaya bayan ɗaya, abin da ke sa shi lura da inda yake sa ƙafa, yana kuma ƙarfafa masa baya. Wasu kuma su shimfiɗa tamfol ya taka, ko su buɗe laima daga nesa su riƙa matsowa sannu a hankali.

Masu horarwa na ba da shawarar a taƙaita kowane darasi zuwa minti 10 ko 15, a riƙa sauya wasa da wuri, a kuma tsaya a lokacin da dokin ya yi abin kirki.

Suna kuma gargaɗi kada mutum ya naɗa igiya a hannunsa, kada kuma ya tsaya daf da bayan doki. Dabbar tana ganin kusan ko'ina a kewayenta, amma ba ta ganin abin da ke bayanta kai tsaye, kuma firgita ce kan sa ta harbi.

Abin da masu bincike suka gano

Ba duk iƙirarin masu wannan salo ne masana kimiyya suka amince da shi ba.

A 2012, masu bincike a Jami'ar Sydney ta Ostireliya sun yi amfani da ƙaramar motar wasa da ake sarrafawa daga nesa wajen kora dawaki a cikin shinge, kuma dawakin suka koyi matsowa kusa da motar kamar yadda suke yi wa mutum.

Sakamakon ya nuna cewa abin da ke aiki shi ne matsi da sassauci, ba wai dokin yana ɗaukar mutum a matsayin shugaban garke ba. Masu binciken sun kuma ja hankali cewa yawan kora na iya tsoratar da doki.

Wani bincike da aka wallafa a 2010 daga Jami'ar Rennes ta Faransa ya gano cewa dawakin da aka saka wa da abinci yayin horo sun fi saurin koyo, kuma sun tuna da darasin bayan watanni.

Dawakin hawan sallah

Batun ya shafi arewacin Nijeriya, inda doki ke da daraja a masarautu irin su Katsina da Zazzau da Kano. A watan Disamban 2024 ne hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ake adanawa.

A ranar hawa, doki kan tsinci kansa cikin ƙarar bindigogi da tambura da algaita da cincirindon jama'a. Wanda bai saba ba yana iya yin tutsu, ya kayar da mahayi ko ya tattake 'yan kallo.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Al'adar fita kilisa da yamma ta daɗe tana motsa jinin dawaki, kuma horon ƙasa na iya cike giɓin ranakun da ba a samu hawa ba, domin ba ya buƙatar komai sai igiya da ɗan fili.

Sai dai masana sun jaddada cewa wasa kaɗai ba zai wadatar ba. Dokin da zai natsu yana buƙatar isasshen ingirici ko ciyawa da zai wuni yana ci, da ruwa, da damar sakewa daga turke, da kuma ganin 'yan'uwansa.