Maigadin Wi-Fi: yadda muka daina rabon kalmar sirri ɗaya a Samaru

Kamar kullum, ga rubutaccen shirin ga waɗanda datarsu ba za ta kai su saurari murya ba. Yau ma dai maganar datar ce, amma ta wata fuska.

Muna da wani ɗan ɗakin karatu da muka buɗe a Samaru, ni da abokaina da muka gama jami'a tare. Shago ne muka kama haya, muka sa benci da tebura, muka haɗa sola, muka sayi rauta. Masu shirin JAMB da ɗaliban ABU masu rubuta furojet su ne yawancin masu zuwa. Duk wata kowa yana kawo ɗan abin da ya samu a sayi data. To, kalmar sirri ɗaya ce muka rubuta a jikin allo. Ba a yi wata biyu ba sai da ta zaga layin gaba ɗaya. Da daddare za ka ga samari sun jingina da bangon shagon, kowa ya sunkuyar da kai a kan waya. Datar wata guda ta koma tana ƙarewa kafin a raba wata.

Asarar kuɗin ba ta dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Zargi ya shigo tsakaninmu. Aka fara cewa wane ne yake ba abokansa, wance ce take sauke finafinai. Akwai wani yaro mai shirin jarrabawa da ya daina zuwa saboda an nuna shi da yatsa, kuma wallahi har yau babu wanda yake da hujjar cewa shi ne. Mun canza kalmar sirrin sau uku, duk a banza, domin abin da mutum talatin suka sani ai ya tashi daga sirri.

Maganin da muka samu shi ne mu ɗauki maigadi. Ba mutum ba, manhaja.

Ku tuna yadda ake shiga wurin da ake tsaro. Maigadi yana da littafi, ka faɗi sunanka, ya duba, ya ce shiga ko koma. A duniyar intanet akwai tsarin da yake wannan aikin, sunansa RADIUS. Ba sabon abu ba ne: wani kamfani a Amurka mai suna Livingston Enterprises ne ya ƙirƙiro shi a 1991, lokacin da ake shiga intanet ta layin tarho. Aiki uku yake yi. Na farko tantancewa, wato wane ne kai. Na biyu ba da izini, wato me aka yarda ka yi, awa nawa, da gudu nawa. Na uku lissafi, yaushe ka shiga, yaushe ka fita, data nawa ka sha.

Yadda abin yake tafiya kuwa, rautar ba ta yanke hukunci da kanta. Ka sa sunanka da kalmar sirrinka, sai ta aika wa saba tambaya, ga wane yana son shiga. Sabar ta duba littafinta ta amsa, a bar shi ko a hana shi. Shi ke nan. Kowa da makullinsa. Idan ka ba wani naka, a kanka za a rubuta, kuma ana iya saita shi yadda suna ɗaya ba zai hau waya biyu a lokaci guda ba. Tsarin eduroam, wanda ya faro a Turai yake ba ɗalibi damar shiga Wi-Fi na wata jami'a da sunan da jami'arsa ta ba shi, a kan RADIUS ɗin nan aka gina shi.

Manhajar da muka yi amfani da ita ita ce FreeRADIUS. Kyauta ce, an fara ta a 1999, kuma kowa yana iya duba yadda aka rubuta ta. Akwai kamfanonin da za su riƙe maka irin wannan sabar a can wajensu, kana biya duk wata, sau da yawa da dala. Mu kam ba mu da dala. Ban da haka, idan sabar tana waje, duk ranar da layinka ya yanke, maigadinka ya tafi ke nan. Shi ya sa muka ce a ɗakinmu za ta zauna, a kan wata tsohuwar laftof da allonta ya tsage.

To ina maganar kwantena ta shigo?

Kun san kwantenar da ake saukewa a tashar Apapa, a ɗora wa tirela har Arewa. Direba bai damu da abin da ke ciki ba, shinkafa ce ko taya, ɗauka ɗaya ce. Haka ma a kwamfuta. Akwai manhaja mai suna Docker, ta fito a 2013, tana ƙunshe manhaja da duk tarkacen da take buƙata a akwati guda. Ka ɗora akwatin a kowace kwamfuta mai Docker, zai tashi iri ɗaya. Masu FreeRADIUS da kansu suna fitar da nasu akwatin, sunansa freeradius/freeradius-server. Amfanin wannan a wajenmu a fili yake: laftof ɗin tsohuwa ce, ko yaushe tana iya cewa ga garinku nan. In ta mutu, ba sai mun sake kwana uku muna haɗa komai daga farko ba.

Ba zan karanto muku umarni ɗaya bayan ɗaya ba, ba za a gane ba a murya. Amma bari in faɗa muku ramuka huɗu, uku daga ciki da kaina na faɗa.

Rami na farko, ƙofa. RADIUS yana sauraro ne a ƙofa mai lamba 1812 don tantancewa, da 1813 don lissafi, kuma ta hanyar UDP yake magana. Shi kuwa Docker, in ka buɗe ƙofa ba ka rubuta udp a ƙarshe ba, sai ya ɗauka TCP kake nufi. Na kwana biyu ina zargin rauta, har na kusa mayar wa mai shagon da na saya a Sabon Gari, ashe haruffa uku ne ban rubuta ba. Abin da ya cece ni shi ne kunna sabar da alamar -X, wadda take sa ta riƙa bayyana duk abin da take yi a kan allo. Na ga babu ko tambaya ɗaya da take isowa, sai na gane matsalar a hanya take. Akwai kuma ɗan kayan gwaji mai suna radtest, ku fara da shi kafin ku taɓa rauta.

Rami na biyu, mantuwa. Kwantena ba ta riƙe abin da ka rubuta a cikinta in aka goge ta aka sake tayar da sabuwa. Na shigar da sunayen mutane a ciki, na zo sabunta ta, komai ya tafi. Dole fayilolin saiti da na sunaye su zauna a wani fulda a kan kwamfutar kanta, a jona wa kwantenar daga waje. Wannan fuldar ita ce dukiyarka. Ka kwafe ta a filash, ka ajiye a wani gida daban.

Rami na uku, sirrin da ke tsakanin rauta da saba. Su biyun suna da wata kalma da suke gane juna da ita, ana rubuta ta a fayil mai suna clients.conf. Wadda take zuwa a ciki don gwaji ita ce testing123, kuma duk duniya an san ta. Wannan ramin Allah ya tsare ni, wani babban yaya da yake aikin sadarwa ya ja kunnena tun farko. Ku sa doguwa, wadda ko ku ba za ku iya haddacewa ba. Sannan kada ku buɗe ƙofofin nan zuwa intanet. A watan Yulin 2024 masu bincike sun bayyana wani rauni da suka kira Blast-RADIUS, wanda yake ba wanda ya shiga tsakanin rauta da saba damar ƙirƙirar amsar "a bar shi" ta bogi. An fitar da gyara, don haka ku riƙa sabuntawa, sabar kuma ta tsaya a cikin gida.

Rami na huɗu, wuta. Wannan ba sai na yi wa ɗan Zariya bayani ba. Idan sabar ta mutu, babu sabon mai shiga, ko da rautar tana kunne. Nan ne tsohuwar laftof ta fi ƙaramar kwamfuta marar batir, don batirinta yana riƙe ta kafin a juya zuwa sola. Kuma ku gaya wa Docker ya riƙa tayar da kwantenar da kansa duk lokacin da kwamfutar ta kunnu. Ranar da ban yi haka ba, ina wajen ɗaurin aure a cikin birni aka yi ta kirana, ɗaki cike da yara babu mai iya shiga.

Ranar da na tabbatar wahalar ba ta tafi a banza ba ita ce ranar da wani abokinmu mai shagon buga takardu da rajistar jarrabawa a Sabon Gari ya ce shi ma yana so. Na hau adaidaita da filash a aljihu, na kwafe fuldar, na share sunayenmu, na canza sirrin da adireshin rauta, na tayar da kwantenar a kwamfutarsa. Kafin a kira la'asar an gama. Abin da ya ci min makonni a Samaru ke nan.

Yanzu ga inda nake so mu tsaya mu yi tunani. Ranar da ka zama mai riƙe da littafin maigadi, amana ta hau kanka. Kana ganin wa ya shiga, da ƙarfe nawa, da wace waya. Akwai 'yan mata a cikin masu zuwa ɗakinmu, akwai yaran da ba su kai sha takwas ba. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, amma ko babu doka, bai dace ba a mayar da wannan littafin abin gulma. Abin da muka yanke shi ne: suna kawai muke karɓa, mutum biyu ne suke iya buɗe lissafin, kuma duk ƙarshen wata muna gogewa. Kowa kuma an gaya masa abin da ake rubutawa a kansa tun ranar da ya karɓi makullinsa.

Gaskiya biyu kafin mu rufe. In ku biyar ne a gida, ba ku buƙatar duk wannan, ku canza kalmar sirri ku huta. Masu rautar MikroTik kuma akwai User Manager da kamfanin ya tanada, yana irin wannan aikin ba sai da wata kwamfuta ba. Sannan in niyyarka sayar wa jama'a intanet ne, wannan harka ce da hukumar NCC take ba lasisi, ka bincika kafin ka buga tikiti.

Da lissafin farko ya fito, ashe ba mutum ɗaya ba ne yake shanye datar. Wayoyi ne da kwamfutoci suke sabunta kansu, ga kuma na bayan bango da yanzu babu su. Na je har gidan su yaron nan na ba shi haƙuri a madadinmu duka. Ya karɓa, amma bai dawo ba, ya riga ya samu wani wurin.

Duk mai ɗakin karatu, islamiyya ko ƙungiya a Samaru ko Sabon Gari da yake son a haɗa masa, ya ajiye saƙo a ƙasa, ranar Asabar muna zama mu koya wa juna, kyauta ne. Ku zo da laftof ko da ta tsufa.